'Yar Fitilar Gaban Amfilifaya

Shirinmu na yau na masu haɗa kayan sauti da hannunsu ne, matasan da ke tsinto kayan haɗi a kasuwanni irin su Sabon Gari ta Kano, su zauna da dalma da mita, su tada amfilifayar masallacin unguwa ko ta shago. A duk cikin akwatin, abu mafi araha za mu duba, wato 'yar fitilar nan ta gaba mai nuna wuta ta shiga.

Yawanci LED ce. Ja ce ta fara fitowa, a 1962, daga hannun Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka. Har yau ita na fi so a fuskar na'ura, domin shuɗiya tana kashe ido da dare. Abin da sabon hannu kan manta shi ne, LED ba ta san ƙoshi ba. Ja tana riƙe kusan bolt 2 ne kacal. Ka jona ta kai tsaye a batirin mota mai bolt 12, wal ɗaya za ta yi ta mutu. Dole a sa mata resista, kamar yadda mai lambu ke rage bakin ruwa kada ya kwashe shuka.

Ga lissafin, a saurara da kyau. Cire 2 daga 12, saura 10. Wutar da kake son ta ratsa fitilar miliamfiya 10 ce, kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya ke nan. Ka raba bolt 10 ɗin da ya rage da wannan kashi ɗaya cikin ɗari, sai ka sami om 1,000, girman resistar ke nan. Zobban jikinta su ne ruwan ƙasa, baƙi, sai ja. Doguwar ƙafar fitilar tana wajen jar waya. In kuwa amfilifayarka mai bolt 35 ce, nemi om 6,800 mai rabin wat, don kada ta riƙa zafi.

To, inda na fi son mu tsaya shi ne wurin da za a ɗebo mata wutar. Da yawa kan jona ta nan bayan makunni, kafin fiyus, saboda ya fi kusa da hannu. Ranar da fiyus ya ƙone, fitila na ci, lasifika shiru, ladan na ta buga makirfo da tafin hannu, lokacin sallah na wucewa. Fitilar ta yi masa ƙarya. Ka ɗebo wutarta bayan fiyus, bayan diyod, daga ƙafafun babbar kafasita, inda ita amfilifayar ke sha. Idan ta kama a nan, ka tabbata wuta ta isa ciki.

Akwai wata riba kuma. In ka kashe makunni, za ka ga hasken bai ɗauke nan take ba, yana dusashewa ne sannu a hankali. Kafasita ce ke nuna maka har yanzu da sauran wuta a cikinta. Duk da haka, ɗan'uwa, ka auna da mita kafin ka sa yatsa.

Wayarta ta dawowa ma a mayar da ita gindin kafasitar, kada a liƙa ta a wayar shigar sauti. Wanda kuma ya zaɓi ɗebowa daga taransifoma kai tsaye, ya sa mata diyod a juye a gefenta, don wutar nan mai kai da kawowa ce, LED kuma ba ta jure fiye da kusan bolt 5 ta baya. Ya murɗe wayoyin biyu tare, ya nisanta su daga makirfo, in ba haka ba ƙugi zai cika lasifika. Tsofaffin amfilifayoyin Fender masu kwalba da ƙaramin ƙwai mai bolt 6.3 suke aiki, kuma wayoyinsa a murɗe suke saboda wannan dalilin.

Wutar NEPA mai bolt 230 kuwa, ina roƙonku kada mai koyo ya kai LED wurinta. Akwai makunni mai fitilar niyon a cikinsa, da resistarsa a haɗe tun daga masana'anta. Shi za a saya.