Uwargida, In Maigida Zai Tafi Kallon Ƙwallo Wata Ƙasa

Uwargida, ran da maigida ya ce zai bi 'yan wasanmu wata ƙasa, to, ki sani rabin wahalar tafiyar a kanki za ta sauka.

Dubi gasar cin kofin Afirka da aka ƙare a Abijan ran 11 ga Fabrairu, 2024, inda masu masauki suka ci Nijeriya 2 da 1. Mai tashi daga Mandawari ta mota sai ya gangara Legas tukuna, sa'an nan ya ratsa Jamhuriyar Benin da Togo da Gana. Iyaka huɗu ke nan, kowace da nata layin. Ba a neman biza, albarkacin ECOWAS, amma fasfo da katin allurar shawara tilas ne. Ke ɗin da ke makaranta, taimaki Baba ki duba masa ranar da fasfonsa zai mutu. Maza ba su cika dubawa ba.

Kuɗi kuma, ya je Wapa ya canjo sefa da wuri.

Guzuri naki ne: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli. Fura dai a bar ta gida, tsami za ta yi tun kafin Legas.

Amma babbar magana ita ce cefane. Gasar wata guda take ci, in ƙungiya ta yi ta cin nasara kuwa, maigida ba zai so dawowa ba. Cikin ladabi ki nemi ya ajiye hatsi da kuɗin cefane da na makarantar yara na wata cur, kafin ya sayi tikiti.