Daga Uherský Brod Zuwa Kasuwar Duniya: Sababbin Bindigogin Kamfanin CZ

A gabashin Jamhuriyar Cek, cikin lardin Morabiya kusa da iyakar Sulobakiya, akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Uherský Brod, wanda mutanensa ba su kai dubu ashirin ba. Da wuya a sami wanda ya san sunan garin nan a wajen ƙasarsa, amma kuwa bindigogin da ake ƙerawa a cikinsa suna rataye a kafaɗun sojoji da ɗamarar 'yan sanda a ƙasashe masu yawan gaske. Sunan kamfanin Česká zbrojovka, watau maƙerar makamai ta Cek, amma duniya ta fi saninsa da haruffa biyu, CZ. Cikin 'yan shekarun nan ya yi ta fito da sababbin samfurori, na soja da na farar hula, har ya kai ga sayen manyan abokan hamayyarsa. Wanda ke son ya gane inda sababbin bindigogin nan suka dosa, tilas ne ya fara sanin irin hasarar da kamfanin ya taɓa tafkawa a baya, domin ita ce ta koya masa irin cinikin da yake yi yau.

An kafa masana'antar ne cikin 1936, a lokacin da ƙasar take da sunan Cekoslobakiya. Hitila ya riga ya hau mulki a Jamus, hukuma kuwa ta lura cewa maƙerun makamanta sun yi kusa da iyakar Jamus ƙwarai, sabo da haka ta sa aka gina wata sabuwa can ƙuryar gabas, inda ake zaton jiragen abokan gaba ba za su kai da sauƙi ba. Dabarar ba ta yi amfani ba. Cikin watan Maris na 1939 Jamusawa suka mamaye ƙasar ba tare da an gwabza yaƙi ba, suka karɓe masana'antar lafiya lau, suka sa ta ƙera wa jiragen yaƙinsu bindigogi.

Kafin wannan lokaci ma maƙeran ƙasar sun riga sun yi suna. A birnin Brno wata masana'anta dabam ta ƙera bindiga mai ɓarin wuta da ake kira ZB 26. Turawan Ingila suka gwada ta, suka yarda da ita, suka sayi izinin yin irinta a garin Enfield, sa'an nan suka haɗa farkon sunayen garuruwan biyu suka raɗa mata suna Bren. Ita ce bindigar nan mai gidan harsashi lanƙwasasshe a bisa, wadda sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da dubban 'yan Nijeriya, suka riƙe a dazuzzukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tsohon suna ne kamfanin CZ ya farfaɗo da shi ya liƙa wa bindigoginsa na soja na wannan zamani.

DARASIN CZ 75

Bayan yaƙi ƙasar ta shiga ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, masana'antar ta zama ta gwamnati. Duk da haka 'yan Cek ba su yarda sun kwafi bindigar Kalashnikov kamar sauran ƙawayen Rasha ba. Sun ƙera tasu, mai suna vz. 58, wadda idan an hango ta daga nesa sai a rantse Kalashnikov ce, alhali kuwa ban da harsashi babu abin da ya haɗa su; ko gidan harsashin ɗaya ba ya shiga ɗayar. Sun kuma yi wata 'yar ƙarama mai ɓarin wuta da suka kira Škorpion, watau kunama, domin direbobin tankoki da jami'an tsaro. Ƙanƙantarta ta sa ana iya ɓoye ta cikin riga, wannan kuwa shi ya jawo mata baƙin suna, gama da irinta ne 'yan ta'adda suka kashe tsohon Firayim Ministan Italiya, Aldo Moro, cikin 1978.

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan kamfanin shi ne bindigar hannu ta CZ 75, wadda wani gwani mai suna František Koucký ya tsara, ta fito cikin 1975. An yi ta ne musamman domin sayarwa a waje, tun da harsashin da take ci, mai faɗin milimita 9 irin na ƙasashen Yamma, ba shi sojojin ɓangaren Rasha ke amfani da shi ba. Tana ɗaukar harsashi 15, tana zama daram a tafin hannu, kuma ƙarfen samanta mai kai da komowa yana gudu ne a cikin gangar jikinta maimakon ya rufe ta ta waje, abin da maharba ke cewa yana taimaka wa saiti. To, sai dai hukumar wancan zamani ta sa an yi rajistar haƙƙin ƙirarta a asirce a cikin gida, ba a kāre ta a ƙasashen waje ba. Nan da nan maƙera a Italiya da Suwizalan da Isra'ila, daga baya kuma Turkiyya da Sin, suka shiga yin irinta suna cin riba, masu abu suna kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da mulkin kwaminisanci ya faɗi cikin 1989, aka mai da masana'antar kamfanin hannun jari cikin 1992. Tun daga nan shugabanninta suka ɗauki wata hanya: duk wanda ke son fasaharsu ya biya, duk inda kasuwa take kuma su je su kafa ƙafa da kansu. Suka buɗe reshe a Amurka cikin 1997. Cikin 2021 suka sayi kamfanin Colt, wanda sunansa ya yi kusan zama ɗaya da kalmar libarba a Amurka, kan dala miliyan 220 da wasu hannayen jari, uwar kamfanin ta koma Colt CZ Group. Cikin 2024 kuma suka haɗa da Sellier & Bellot, maƙerar harsashi da aka kafa tun 1825. Ga bindiga, ga abin da take ci, duk a gida ɗaya.

NA SOJA

Shigar Jamhuriyar Cek ƙungiyar tsaro ta NATO cikin 1999 ta tilasta wa sojanta neman bindiga mai cin harsashin ƙungiyar, mai faɗin milimita 5.56. Ba a sami biyan bukata ba sai cikin 2011, sa'ad da aka fara raba musu CZ 805 BREN. Sojojin da suka tafi da ita Afganistan da Mali sun dawo da ƙorafi. Sun ce ta cika nauyi, kuma maƙatar da ake ja a ɗana ta tana kai da komowa duk lokacin da aka yi harbi, har takan bugi yatsan wanda bai yi hankali ba. Kamfanin ya saurara. BREN 2 da ta biyo baya ta rage kusan rabin kilo, maƙatar ta tsaya wuri ɗaya, wanke ta kuma ya yi sauƙi. Ga wanda bai taɓa yini a rana da kaya a ka ba rabin kilo ba kome ba ne, amma sojan ƙasa ya san bambancin.

Abin da ya fi jan hankalin masu saye game da BREN 2 shi ne ana iya samunta da harsashin NATO ko kuwa da tsohon harsashin Kalashnikov, mai milimita 7.62. Irin ta biyun ce rundunar musamman ta jandarmomin Faransa, GIGN, ta zaɓa cikin 2017, bayan hare-haren birnin Faris sun nuna mata tana bukatar harsashi mai ƙarfin bugu a gajeren zango. Ƙasar Hangari ta sayi izinin harhaɗa ta a gida tun 2018. Bayan da Rasha ta auka wa Yukren cikin 2022 bindigar ta shiga yaƙi gadan-gadan, cikin 2024 kuma aka ƙulla yarjejeniya aka fara harhaɗa ta a can. Fasahar da a dā ake ɗauka kyauta, yanzu sai da lasin da sa hannu.

Sabuwar cikinsu ita ce BREN 3, wadda aka bayyana cikin 2024. Wanda ya zaci zai ga wani abin al'ajabi ba zai gani ba. Har yanzu hayaƙin albarushi ne ke tura wani ɗan fistin, shi kuma ya tura sakata ta fitar da kwanson da aka harba ta ɗauko sabon harsashi, kamar yadda ake yi shekara da shekaru. Gyaran da aka yi na ƙarko ne da na sauƙin sauyi: an ƙarfafa sassan da aka ga suna saurin gajiya a fagen fama, an yi ta da bututu gajere da matsakaici da dogo, gindinta da marikinta na gaba ana iya musanya su, an kuma shirya ta domin aiki da na'urar rage ƙara. Wannan na'ura a dā ta 'yan ƙundumbala ce kaɗai, yau kuwa rundunoni da yawa suna son kowane soja ya samu, domin tana ɓoye walƙiyar harbi da dare, tana kuma kāre kunnen mai harbin. Ban da harsashin NATO, akwai samfurin da ke cin wani harsashi na Amurka mai suna .300 Blackout, wanda aka tsara musamman domin gajeren bututu da harbi maras amo.

Sunan Škorpion ma bai mutu ba. Scorpion EVO 3, wadda ta samo asali daga ƙirar wani injiniya ɗan Sulobakiya, jikinta kusan duk roba ce mai tauri, tana cin harsashin milimita 9, kuma 'yan sandan ƙasashe da dama sun karɓe ta.

Cinikin da ya fi kowanne ba da mamaki, duk da haka, na bindigar hannu ne. Cikin 2017 kamfanin ya fito da P-10 C, mai jikin roba, wadda ba ta da 'yar gudumar nan ta baya. Wata allura ce mai sifirin a ciki take sarar gindin harsashi. Kowa ya san an yi ta ne domin ta ƙwaci kasuwa daga hannun Glock ta Ostiriya. Cikin 2025 rundunar sojan Jamus ta zaɓe ta, da sunan P13, domin ta maye gurbin P8 ta kamfanin Heckler & Koch, wanda yake ɗan gida ne a Jamus. Watau masana'antar da aka gina domin gudun Jamusawa ita ce za ta ɗaura wa sojan Jamus ɗamara.

NA FARAR HULA

Galibin abin da ake sayar wa farar hula reshe ne na waɗancan. Akwai BREN 2 da Scorpion na kasuwa, amma an cire musu ɓarin wuta, kowane jan kunama harsashi guda ne. Tsohuwar CZ 75 kuwa ta haifi jikoki. Shadow 2, wadda ta fito cikin 2016, ƙarfe ce zalla, nauyinta ya haura kilo guda, an yi ta haka da gangan domin nauyin ya shanye zabura, sabo da haka ta zama abar so ga masu gasar harbi. Da aka ga mutane suna sha'awar ta amma nauyin ya hana su yawo da ita, sai aka yi ƙaramarta mai jikin alminiyom cikin 2023, aka biyo da Shadow 2 Carry cikin 2025. Kusan duk sababbin nan an fafe musu gurbi a bisa domin ɗaura ɗan madubin saiti mai jan ɗigo. Nan ne ainihin canjin zamani yake: harsashin milimita 9 ya haura shekara ɗari a duniya, abin da ke sabo shi ne yadda ido ke samun abin hari.

Wajen farauta labarin bai tafi sumul ba. Mafarautan manyan namun daji a gabashi da kudancin Afirka sun daɗe suna yabon CZ 550, mai cin manyan harsasai irin na ɓauna da giwa, domin ƙarkonta da rangwamen kuɗinta. Kamfanin ya dakatar da ita, a ƙarshen 2021 ya kawo CZ 600, wadda babban abin tallarta shi ne mai ita zai iya kwance bututu ya ɗaura wani mai cin harsashi dabam. Ba a yi 'yan watanni ba, cikin 2022, sai ya nemi a daina harbi da ita a maido, domin an gano idan ba a ɗaura bututun daidai ba bindigar tana iya yi wa mai harbi lahani. Aka kafe bututun dindindin, abin tallar ya tafi. Sai cikin 2025, da samfurin CZ 600+, aka maido da wannan dabara bayan an sake tsarinta. Ga ƙananan namun daji da koyon saiti kuwa akwai CZ 457, mai ɗan siririn harsashi, wadda ta fito cikin 2019.

Mafi yawan waɗannan kaya Amurka suke tafiya, amma a gida ma akwai masu saye. Mutum wajen dubu 300 ne ke da lasin riƙe bindiga a Jamhuriyar Cek, ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 11 ba, kuma cikin 2021 majalisa ta rubuta a tsarin mulki cewa mutum yana da haƙƙin kāre ransa ko na wani da makami, bisa sharuɗɗan doka. Ba a ba da lasin sai an ci jarrabawa ta doka da ta harbi, likita ya duba lafiya, 'yan sanda kuma sun binciki hali. An daɗe ana misali da wannan tsari a Turai. Ran 21 ga watan Disamba na 2023 wani ɗalibi mai cikakken lasin ya shiga Jami'ar Charles da ke Prag, babban birnin ƙasar, ya buɗe wuta, mutum 14 suka mutu. Bayan wannan ta'asa majalisa ta tsananta doka: aka ƙara wa 'yan sanda ikon karɓe makami daga hannun wanda ake shakkar take-takensa, aka rage tazarar da ke tsakanin gwajin likita da na gaba, aka kuma wajabta wa masu shagunan bindiga su sanar da hukuma duk cinikin da bai kwanta musu a rai ba.