Ɓarayin Da Suka Shiga Sito Da Makulli

A ƙarshen watan Mayun 2024, wani talla ya fito a wata kasuwar intanet inda masu kutse ke baje hajarsu. Kayan da aka kasa sunaye ne da adireshi da lambobin waya da guntayen bayanan katin banki na mutanen da suka taɓa sayen tikitin kallon wasa ko na casu daga kamfanin Ticketmaster na Amurka. Masu tallan, da ke kiran kansu ShinyHunters, sun ce mutum miliyan 560 ne a jerin, suka kuma sa masa farashi dala 500,000. Ba a jima ba Live Nation, uwar kamfanin, ta amsa cewa lallai an shiga wani rumbun bayananta da ke ajiye a hannun wani kamfani daban.

A cikin watan dai, bankin Santander na Sifaniya ya sanar da irin wannan ta'asa, wadda ta shafi ma'aikatansa da abokan hulɗarsa a Sifaniya da Chile da Uruguay. Da aka bi sawu, sai aka ga duk hanyoyin sun nufi wuri guda: wani kamfanin Amurka mai suna Snowflake.

Akasarin mutanen da aka kwashi bayanansu ba su taɓa jin wannan suna ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Snowflake ba ya hulɗa da ɗaiɗaikun mutane. Sana'arsa ita ce bai wa kamfanoni hayar wurin ajiyar bayanai ta intanet, tare da manhajar da za su riƙa tace su da lissafa su. Duk wanda ya san yadda ake hayar sito a Kantin Kwari ko Singa ya riga ya fahimci rabin zancen. Mai gini ne ke da katanga da ƙyaure da mai gadi, amma makullin kowane ɗaki yana hannun ɗan haya, shi ne kuma ke zaɓar yaran da zai danƙa wa. A yau haka dubban kamfanoni ke tafiyar da lissafin kuɗi da albashi da rajistar kwastomomi: ba su da na'urar ajiya a ofis, suna biyan kuɗin wata ne su shiga ta intanet.

Mandiant, kamfanin binciken kutse mallakar Google, shi ya bi diddigin lamarin, kuma abin da ya gano ya fi fasa katanga tayar da hankali. Ba a sami wata shaida cewa an fasa tsarin Snowflake kansa ba. Ɓarayin sun zo ne da sunayen shiga da kalmomin sirri na gaskiya, suka buɗe ƙofa kamar masu ɗaki. Kamfanoni da hukumomi kusan 165 aka sanar cewa mai yiwuwa abin ya shafe su.

A ina suka samo makullan? Nan ne labarin ya sauko daga manyan ofisoshi zuwa kan teburin mutum ɗaya. Akwai wani nau'in muguwar manhaja da aikinta kawai shi ne tsintar kalmomin sirri. Daga cikin waɗanda aka ambata a wannan bincike akwai Lumma da Vidar da RedLine. Ga yadda abin ke faruwa. Ma'aikaci, ko ɗan kwangilar da kamfani ya ɗauka na ɗan lokaci, yana aiki da kwamfutarsa ta hannu. Da dare ya tashi aiki, sai ya nemi wasan kwamfuta ko wata manhaja mai tsada da aka sace ake rabawa kyauta. Ya sauke, ya danna, wasan ya buɗe lafiya lau. A daidai wannan lokaci, ba tare da wata alama a fuskar kwamfutar ba, ɗan leƙen da aka cusa a ciki ya shiga inda manhajar shiga intanet ke adana kalmomin sirrin da mutum ya ce ta riƙa tuna masa, ya kwashe su kaf, ya aika wa mai shi. Daga nan sai kasuwa, inda ake sayar da su dami-dami. Mandiant ya ce an ga hakan a kwamfutocin wasu 'yan kwangila da ke haɗa aikin ofis da wasanni da sauke kayan sata, kuma ɗan kwangila ɗaya kan riƙe makullan kamfanoni da yawa.

Wasu daga cikin kalmomin sirrin tun 2020 aka sace su. Kusan shekara huɗu suna yawo a hannun ɓarayi, ba wanda ya canza su, kuma da aka gwada sai suka buɗe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi kowacce faɗi a nan ita ce rashin mataki na biyu na tantancewa. Duk mai asusun banki a waya ya san shi: bayan kalmar sirri, sai a nemi wata lamba ta wucin gadi da ke zuwa wayar mai asusun kaɗai. Masu asusun da aka shiga ba su kunna wannan mataki ba. Ba su kuma taƙaita wuraren da za a iya shigowa daga cikinsu ba, alhali tsarin yana ba da damar a ce ƙofa ba za ta buɗe ba sai daga layin intanet na kamfani. Da an yi ko da ɗaya daga cikin biyun, da makullin sata ya zama guntun ƙarfe a hannun ɓarawo.

Ɓarna mafi girma sai a watan Yuli ta fito fili, lokacin da kamfanin sadarwa na AT&T ya bayyana cewa daga rumbunsa da ke Snowflake an kwashe bayanan kira da na saƙonnin tes na kusan dukkan masu amfani da layinsa na wayar hannu, mutum wajen miliyan 110, na tsakanin Mayu da Oktoban 2022. Babu muryar kowa a ciki, babu abin da aka rubuta a saƙo. Wani zai ce to ai da sauƙi. Ba sauƙi. Jerin ya nuna wace lamba ta kira wace, sau nawa, kuma tsawon wane lokaci, sannan gano mai lamba ba ya wuya. Da wannan kaɗai ana iya sanin wanda ke yawan kiran likitan wata cuta, da ɗan jaridar da ke magana da wani jami'i a ɓoye, da matar da ta soma tuntuɓar lauya ba da sanin mijinta ba. Waɗannan mutane ba su zaɓi Snowflake ba, ba su san ɗan kwangilar ba, layi kawai suka saya.

To laifin wa? Snowflake ya tsaya a kan cewa kula da makulli haƙƙin ɗan haya ne, kuma a bisa yarjejeniyar da aka saba a wannan sana'a, maganarsa tana kan hanya. Sai dai ba ta wanke shi sarai ba. Mai sito da ya san dukiyar miliyoyin mutane ce a ɗakunansa, ya kuma san makulli ɗaya ba ya isa, bai kamata ya bar kwaɗo na biyu a matsayin ganin dama ba. Mutum ɗan saurin aiki ne. Duk abin da aka ce in ya so ya yi, yawanci ba zai yi ba. Kamfanin da kansa ya nuna ya gane haka, domin daga Oktoban 2024 ya mai da mataki na biyu abin da ke kunne tun farko ga mutanen da ke shiga sababbin asusu.

Akwai ayyukan da dama can na mai manhaja ne shi kaɗai. Shi ne zai rikitar da bayanan ta yadda ko an sace su ba za su karantu ba sai da mabuɗinsu, ko suna ajiye ko suna kan hanya. Shi zai raba tsakanin ɗakin wannan kamfani da na wancan. Shi zai ajiye rajistar wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, ya kuma sa ƙararrawa idan asusun da ya saba duba layi ɗari a rana ya tashi cikin dare yana jidar miliyoyi. Amma ko ginin ya kai ƙarfe ƙarfi, kuskuren ɗan haya na iya rusa komai. A 2019 bankin Capital One ya yi asarar bayanan mutum kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, waɗanda ke ajiye a na'urorin Amazon, saboda wata katangar tsaro da bankin bai saita daidai ba. Hukuma ta ci shi tarar dala miliyan 80 a shekarar da ta biyo baya.

Wannan batu ya riga ya iso kasuwanninmu. Mai kantin magani da ke rubuta sunan kwastoma da lambar wayarsa da bashin da ake bin sa a manhaja, da makarantar kuɗi da ke ajiye sakamakon ɗalibai da adireshin iyayensu a intanet, da mai POS da lambobin asusun jama'a ke bi ta hannunsa kullum, duk 'yan haya ne a siton wani. Abin da aka fi gani kuwa shi ne kalmar sirri ɗaya tak, maigida ya sani, yaran shago uku sun sani, an kuma rubuta ta a bangon littafin ciniki. Ran da aka sallami yaro, an karɓi makullin shago daga hannunsa, amma ta manhaja tana nan a kansa, kuma daga ko'ina yake zai iya shiga. Gyaran bai kai kuɗin katin waya ba: kowane yaro da nasa asusun, iyakar abin da aikinsa ke bukata kawai zai gani, a kunna mataki na biyu, a rufe asusunsa ranar da ya bar aiki.

Doka ma ta shigo ciki. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A idon dokar, wanda ya karɓi bayanan daga hannun kwastoma ba ya kuɓuta don kawai ya ba wani ajiya.

A can Amurka kuwa, mujallar Wired ta ruwaito cewa AT&T ya biya wani daga cikin masu kutsen kimanin dala 370,000 da kuɗin intanet na Bitcoin don ya goge abin da ke hannunsa. Shaidar da aka samu ita ce wani bidiyo da ke nuna ana gogewa. A ƙarshen Oktoban 2024 'yan sandan Kanada suka kama wani matashi a lardin Ontario bisa buƙatar Amurka, ana zargin sa da hannu a kutsen, watanni biyar bayan tallan farko ya fito.