Ganuwar Elmina a idon masu zane, da Hausawan da ke gefen hoton

Ga mutumin da ya tashi a Iware ta Jihar Taraba, inda hada-hadar kasuwar shanu ta cika gari, ba abin da ya kai teku nisa. Amma a gaɓar tekun Ghana akwai wani farin gini da aka shafe ƙarnuka ana zanawa, kuma a cikin wasu daga zane-zanen nan akwai Hausawa tsaye da bindiga a kafaɗa.

Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, ƙarƙashin Diogo de Azambuja, domin cinikin zinariya. 'Yan Holan suka ƙwace ta a 1637, ta zama hedikwatar cinikinsu a wannan yanki, har da cinikin bayi, kafin su miƙa ta ga Ingila a 1872.

Zane-zanen farko kusan duk daga ɓangaren teku suke kallon ginin, wato daga inda ɗan kasuwar da ke cikin jirgi yake hangensa. Haka Johannes Vingboons na Amsterdam ya zana ta wajajen 1665, haka kuma ta fito a littafin Olfert Dapper na 1668, mutumin da ya bayyana Afirka ba tare da ya taɓa taka ƙasarta ba. Za ka ga tuta na kaɗawa, jiragen ruwa sun yi sahu, kwalekwale na kai da komo a bakin kogin Benya. Ɗakunan ƙasa da ake tsare mutane kafin a loda su ba sa cikin hoton. Dalilin a fili yake: masu hannun jari a kamfani ake yi wa zanen, su kuwa abin da suke son gani shi ne dukiyarsu tana nan lafiya.

Hausawa sun shigo cikin zanen ne da yaƙin Ashanti na 1873. Shekara goma kafin nan, John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas daga cikin 'yan Arewa, galibinsu bayin da suka tsere, wadda aka sani da Hausawan Glover. Zuwa yau rundunar sojin Najeriya daga nan take ƙirga asalinta. An kai wasu daga cikinsu gaɓar Ghana, kuma suna cikin dakarun da ke Elmina ranar 13 ga Yuni, 1873, lokacin da Ingilishi suka buɗe wa tsohon garin wutar igwa saboda ya ƙi bin su. Garin ya ƙone, ba a sake gina shi a wurin ba. Filin da ke gaban ganuwar, wanda baƙi ke ratsawa a yau, kufai ne.

Jaridun Landan masu hotuna sun aika da masu zane wannan yaƙi, ciki har da Melton Prior na Illustrated London News. A shafukansu Bahaushen soja ya zama abin gani: jar dara, wando mai faɗi, ƙafa ba takalmi. Hafsan Bature yakan samu sunansa a ƙarƙashin hoto. Su kuwa sai a haɗa su a kalma ɗaya, wadda ma ba ta cika daidai ba, domin duk ɗan Arewan da ya ji umarni da Hausa, Bahaushe ne a wurin mai ɗaukar soja. Abin da ke da nauyi a nan shi ne, mutumin da jiya ya kuɓuta daga bauta, yau shi ne yake gadin gidan da aka yi ƙarnuka ana sayar da irinsa. Masu zanen ba su tsaya a kan wannan ba, ko da yake yana gabansu. A ganuwar ce kuma aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seychelles.

Ƙarni na ashirin ya kawo wani sabon kallo. UNESCO ta sanya ganuwoyin gaɓar Ghana cikin kayan tarihin duniya a 1979, otal-otal suka tsiro a bakin rairayi, katin gaisuwa ya cika da itatuwan kwakwa da jiragen masunta masu launi. A shekarun 1990, da aka gyara gine-ginen aka shafe su da sabon farin fenti, baƙaƙen fatar Amurka da ke zuwa ziyara suka yi ƙorafin cewa ana ƙawata wurin makoki. Mutanen gari kuwa aikin yi suke nema. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma a ganina ta masu ƙorafin ta fi ƙarfi a cikin kurkukun, ta 'yan gari ta fi ƙarfi a wajensa.

Fim ya ɗauki wannan saɓani. Werner Herzog na Jamus ya ɗauki Cobra Verde a Elmina, ya fitar da shi a 1987, amma ginin ado ne kawai ga labarin wani Bature, labarin da ma a Dahomey ya faru. Haile Gerima ɗan Habasha ya juya al'amarin a Sankofa na 1993: wata mai tallar kayan ƙawa tana ɗaukar hoto a bakin teku kusa da ganuwar Cape Coast, makwabciyar Elmina, sai ta tsinci kanta a cikin sarƙa. A 2017 mai sassaƙa ɗan Ghana, Kwame Akoto-Bamfo, ya jera kawunan mutane na siminti a ɗakunan ƙasa na Cape Coast ɗin, kowanne da fuskarsa da irin kitsonsa.

Da yawa daga waɗanda suka bi ta waɗannan ɗakuna daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, inda fataken Hausa ke zuwa sayen goro. Daga 1831 zuwa 1872 'yan Holan sun kwashi mutum kusan 3,000 ta Elmina zuwa aikin soja a Java, akasarinsu bayi 'yan arewa da aka sayo a Kumasi. Waɗanda suka dawo sun zauna a wani tudu a garin, wanda har yanzu ake kira Tudun Java.