Magnasayit: Farin Dutsen Da Darajarsa Ke Cikin Wuta

LAFIYA — Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta yi suna da ma'adinai, kuma fararen duwatsu kan ruɗi masu zuba jari saboda kamanninsu. Don haka ya kamata 'yan kasuwar Agyaragu da Lafiya su san yadda ake bambanta magnasayit da sauran kafin su biya kuɗi.

Magnasayit haɗi ne na sinadarin magnisiyam da kabonet. Galibi fari ne ko toka-toka, wani lokaci da ratsin rawaya. Taurinsa yana tsakanin 3.5 da 4.5 a ma'aunin Mohs mai matakai 10, saboda haka wuƙa tana iya karce shi. Nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau uku.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa. Dutsen da ake yin siminti da shi kan yi kumfa nan take. Dolomait, mai ɗauke da magnisiyam da kalsiyam, ba ya yin kumfa sosai sai an niƙa shi. Magnasayit kuwa sai an ɗumama asid ɗin.

Darajarsa tana fitowa ne bayan an gasa shi. A zafin digiri 700 zuwa 1,000 iskar kabon takan fice, a samu garin magnisiya na takin zamani da abincin dabbobi. Idan zafin ya haura digiri 1,500, ana samun nau'in da ake yin bulon shafe cikin tanderun ƙarfe da na siminti, domin magnisiya ba ta narkewa sai wajen digiri 2,800.

A nan ne lissafin riba yake. Cikin tan 100 na tsantsar dutsen, kimanin tan 48 ne kawai magnisiya, saura iska ce. Wanda ya yi jigilar ɗanyen dutse, rabin kuɗin motarsa ya tafi a banza. Shi ya sa ake kafa tanderu kusa da mahaƙa.

Ƙasar Sin ce kan gaba wajen haƙar magnasayit a duniya. A Nijeriya an san da shi a jihohin Adamawa da Kebbi. Kafin a ƙulla ciniki, wajibi ne a kai samfuri ɗakin gwaji, kuma a tabbatar mai haƙar yana da lasisin Gwamnatin Tarayya.