Shin Ko Kun San? Da Bazar Coci Mawaƙan Amurka Suka Yi Rawa

Shin ko kun san cewa da yawa daga cikin manyan mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka a coci suka buɗe murya? Aretha Franklin 'yar fasto ce. Mahaifinta, C. L. Franklin na cocin New Bethel da ke Detroit, wa'azinsa ake ɗauka a faifan garmaho ana sayarwa, domin idan ya yi nisa sai maganar ta koma rerawa, yana bayarwa jama'a na karɓa. Wanda ya taɓa jin Mamman Shata da 'yan amshinsa a Funtuwa ko Bakori ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kamannin ba a nan ya tsaya ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafin da ya fitar a 1999, ya danganta wani ɓangare na salon blues da kiɗan ƙasashen Sahel, har ya kafa hujja da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauki muryarsa a Kamaru.

Shin ko kun san cewa a 1954 Ray Charles ya ɗauki karin waƙar ibada ya ɗora masa baitocin soyayya? Malaman coci suka yi masa ca, suka ce ya kai kayan Allah gidan rawa. Sam Cooke kuwa, da zai fitar da waƙar soyayyarsa ta farko a 1957, sunan Dale Cook ya fake da shi don kada masu ibada su gane. Suka gane. Murya ai ba ta ɓuya.

A Kano abin juyewa ya yi. Can an ɗauko daga ɗakin ibada an kai dandali, nan kuwa daga silima aka ɗauko aka kai zaman bege. Matasan sha'irai irin su ƙungiyar Ushshaƙu Indiya sun riƙa aron karin waƙoƙin soyayya na finafinan Indiya, su zuba masa yabon Annabi (SAW) da Hausa, suna buga bandiri. Hujjarsu ita ce suna janye hankalin matasa daga shagala. Wasu malamai suka ce sam, karin da aka yi rawa da shi bai dace da yabo ba. A ganina gardamar ɗaya ce da ta Amurka, harshe da addini ne kawai suka bambanta.

A Amurka kuma akwai masu komawa gida. Little Richard ya watsar da kiɗan rock a 1957 ya tafi karatun Baibul. Al Green ya zama fasto a Memphis a 1976.

Shin ko kun san cewa Jimmy Swaggart, mai wa'azin talabijin da ya yi ƙaurin suna wajen tsine wa kiɗan rock, ɗan uwan Jerry Lee Lewis ne na jini, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan kiɗa? Tare suka tashi a garin Ferriday na jihar Louisiana, suna buga fiyano. Lewis an kore shi daga makarantar Baibul a Texas saboda ya kaɗa waƙar ibada da salon rawa. Swaggart ya riƙe mumbari, yana kuma sayar da faya-fayan waƙoƙin bishara. A Fabrairun 1988 asirinsa ya tonu, aka samu hotunansa da wata karuwa, ya fito gaban mabiyansa yana sharɓar kuka yana neman gafara. Cocin Assemblies of God ta tuɓe shi, amma bai bar wa'azi ba. A 1991 'yan sanda suka tsayar da shi a California da wata karuwar a cikin motarsa. Ya mutu a 2025 yana da shekara 90.