Ko Ka Sani? Abin da Burtu Ke Faɗa da Asuba

Ko ka san cewa tsuntsu ba ya kuka a banza? Kowane kuka da saƙonsa: akwai na kiran mace, akwai na tsare gida, akwai na gargaɗi idan shaho ya gitta. Duk mai kiwon zabi ya san haka, don da kunne ake rarrabe su: macen ce ke kuka mai gaɓa biyu, namijin gaɓa ɗaya yake maimaitawa.

A dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999, akwai tsuntsun da muryarsa ta fi ta kowa kauri, wato burtu. Baƙi ne, tsayinsa ya kai wajen mita 1, yawancin yini a ƙasa yake tafe yana farautar ƙadangaru da macizai da fari. Sai ya tashi sama ake ganin fararen gashin da ke ƙarshen fikafikansa.

Da asuba yake kukansa. Yana da jakar fata a maƙogwaro wadda yake hurawa, sai sauti ya fito a ƙasa-ƙasa kamar an buga babbar ganga daga nesa. Sauti mai kauri irin wannan bishiyoyi da ciyayi ba sa saurin shanye shi, shi ya sa yake ratsa daji ya yi nisa. Namiji, mai ja da shuɗi a wuya, ya fara. Macen, mai shuɗi zalla, ta amsa. Da wannan amsa-amsar suke sanar da sauran burtaye cewa wurin yana da masu shi. Dabbobin daji sun saba da wannan tsuntsu ƙwarai, abin da ya sa maharban Hausa ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya har su kusanci barewa.

Tsuntsaye har kukan wasu suke fahimta. A dajin Tai na ƙasar Kodebuwa, masana sun nuna a 2004 cewa wani dangin burtu yana bambanta ihun da birai ke yi wa gaggafa da wanda suke yi wa damisa, kuma na gaggafa ne ke tayar masa da hankali, don ita ce ke iya kama shi.

Abin damuwa shi ne burtu ba ya saurin yawaita. A kogon babbar bishiya yake sheƙa, ƙwai 1 ko 2, kuma galibi ɗa guda ke rayuwa. A 2018 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a duniya. A Kamuku kuma, rashin tsaro ya hana masu gadin daji aiki yadda ya kamata, masu sarar katako da gawayi kuma manyan bishiyoyi suke nema. Jama'ar Birnin Gwari, idan kun ga bishiya mai kogo, ku bar ta a tsaye.